Asalin Matar Yaya

Gwiwa ce ta kawo Inna Alƙahira, a shekarar nan da wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa kullum da la'asar. Haka dai aka gaya wa dangi a gida, kuma ba ƙarya ba ne, don a kan keken marasa lafiya aka turo ta daga cikin jirgi. Amma ni da na tarbe ta, tun daga yadda ta leƙa bayana tana neman wanda bai zo ba, na san ba gwiwa kaɗai ta kawo ta ba. Ta zo ne ta ga matar Yaya da idonta.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Ya gama karatunsa ya samu aikin fassara a wani ofis a unguwar Dokki, ni kuma na biyo mijina da ke nasa karatun, muka kama haya a unguwar Faisal. A nan Yaya ya haɗu da wata Baturiya 'yar Ingila mai koyar da yara Turanci, wadda ta musulunta tun kafin ta san shi. Mahaifinmu ya rasu, don haka Baffa ne ya ba da izini ta waya, aka ɗaura aure. Inna ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Lokacin da ta iso, cikin matar Yaya ya riga ya fito sosai.

Gidan Yaya yana da na'urar hawa bene, ga shi kusa da asibiti. Nawa kuwa hawa na huɗu ne, matattakala kawai, ɗaki biyu, da hayaniyar motoci har cikin kunne. Inna ta ce a wurina za ta sauka. Mijina da mai gadin gidan suka ɗauke ta a kujera suna nishi har sama, ita kuwa tana zaune daram tana jan carbi.

Matar Yaya ba ta yi zuciya ba. Kusan kullum sai ta shigo motar haya tun daga Dokki da tsohon cikinta, riƙe da kula. A hannuna ta koyi tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma gaskiya ta iya, in ban da gishiri da take tsoro. Sai ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Inna?" da Hausarta mai tsalle-tsalle. Inna ta amsa, ta ce a ajiye, an gode. Da ta fita sai Inna ta sa in miƙa wa 'ya'yan mai gadi kular. Ko loma ɗaya ba ta taɓa kaiwa baki ba. Abin ya riƙa ci mini rai, har wata rana na kasa haƙuri.

Na ce, "Inna, me yarinyar nan ta yi miki? Tana salla, tana ganin girmanki."

Ta ce, "Ba ta yi mini komai ba. 'Yar waye ce?"

"'Yar mutane mana."

"Waɗanne mutane? Ko tunkiyar layya mutum zai saya, ai yakan tambayi ƙauyen da aka kawo ta. Jinina zai gauraya da jinin da ban san daga ina ya gangaro ba, kuma kina so in zauna ina lasar miya?"

A garinmu, in za a yi aure, akan bincika asali. Amma akwai yadda ake yi. Tsofaffi biyu ake tasa, su je unguwar su yarinya kamar masu neman daddawa ko masu gaishe da mara lafiya, su zauna a maƙwabta su ja hira. A nan za a ji ko akwai taɓin hankali a gidan, ko kuturta, ko hannu mai ɗauke-ɗauke, ko wani da aka haifa gaba da fatiha. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a tambayar mai asalin da kansa. Kowa ya san in ka tambayi mutum, abin da ya ga dama zai faɗa, ya rufe sauran, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Matsalar Inna ita ce ba ta da tsohuwar da za ta tasa Ingila.

Na kai wa Yaya maganar, don shi da Inna ba sa doguwar magana, ko sunansa ba ta faɗa. Na zaci zai yi dabara irin ta manya. Ashe bawan Allahn nan gida ya koma ya ce wa matarsa kai tsaye, Inna tana son sanin asalinki. Ita kuwa sai murna. A tunaninta surukarta ta fara sonta ke nan, har tana son jin labarin kakanninta. Ta yi makonni a gaban kwamfuta, ta sa wata 'yar'uwarta ta je ƙauyensu ta ɗauko mata hotunan tsofaffin littattafan coci. Duk ranar da ta kira ni sai ta ce ta gano wani sabon kaka. Ni kuwa da sakarcina, na ɗauka hotunan kakanni za ta kawo, masu hula da sanda a gaban ƙaton gida.

Ranar da ta zo da takardun, bayan la'asar ne, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Yaya ya rako ta har ƙofa, sannan ya ja mijina suka ce za su masallaci, alhali an daɗe da idar da salla. Aka bar ni da aikin tafinta, tun da na koyar da Turanci a gida kafin aure. Inna na kan tabarma ta miƙe ƙafa, matar Yaya ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta baje takardu.

Ta fara da bayanin yadda abin yake. A ƙauyensu, limamin coci yakan rubuta duk jaririn da aka kawo masa, da duk auren da aka ɗaura, da duk gawar da aka binne. Ita kuma hukuma, duk bayan shekara goma, takan aika ma'aikata su bi gida-gida su rubuta wanda ya kwana a gidan a daren ƙidaya, da shekarunsa, da sana'arsa, da abin da ya haɗa shi da maigida.

Inna ta ce, "Har talaka?"

Na tambaya, na mayar mata. "Har talaka, Inna."

Ta gyara zama. Wannan ya burge ta, na gani a fuskarta.

Sai aka shiga sana'a. Kakan kaka, ɗan ƙodago a gonar wani. Ubansa, ɗan ƙodago a gonar wani. Nasa uban ma haka. Inna ta dube ni ta ce in sake tambaya, wataƙila ban ji daidai ba. Ita Turawan da ta sani tana yarinya, a mota suke wucewa ana kauce musu.

"Bature da ƙodago? A gonar wa?"

"A gonar wani Baturen, Inna."

"Ikon Allah!"

Matar Yaya ta nuna mana takardar wani aure, inda ango da amarya duk suka yi ɗan zane kamar sawun kaza a wurin sa hannu, saboda ba su iya rubutu ba. Inna ta karɓi takardar ta kai kusa da ido. Ta ce, "Yau ga Baturen da bai yi boko ba." Sai ta yi dariya, dariyar farko da ta yi a gaban matar Yaya. Ni ma na saki jiki, na ce a raina ashe abin zai zo da sauƙi.

Daga nan matar Yaya ta zaro wata takarda ta rungume a ƙirji, ta ce wannan ita ce wadda ta fi so a cikinsu duka, wata kaka ta can sama. A ƙidayar farko da ta same ta, yarinya ce 'yar aiki a gidan wani mai gona. Sannan ta buɗe hoton littafin coci, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Ga sunan jariri, ga sunan yarinyar nan a wurin uwa. Wurin uba kuwa fayau, ba komai. A gefe limamin ya rubuta wata kalma ɗaya da ƙaramin hannu, kalmar da ko ban taɓa ganinta ba na san me take nufi. Matar Yaya ta ce, fuskarta a sake, "Daga wannan jaririn muka fito."

Na dube ta, na ƙifta mata ido, na girgiza kai a hankali. Ba ta gane ba, murmushi ma ta yi mini.

Inna ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce uban yaron ba ya nan."

"Allah sarki. Rasuwa ya yi?"

Da na ce i, da magana ta ƙare. Amma matar Yaya ta san kalmar rasuwa, ta sha jin ta a gaisuwar ta'aziyya. Kafin in buɗe baki ta riga ni, da Hausar da ni na koya mata da bakina:

"A'a, Inna. Bai rasu ba. Babu aure."

Inna ta yi salati ta dire. Ta dubi cikin matar Yaya, ta daɗe tana dubansa. Sannan matar da sai an kama ta take tashi ta dafa bango ta miƙe da kanta, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Na ja matar Yaya kicin, na rufe ta da faɗa, Turanci da Larabci da Hausa duk a haɗe. Na ce wa ya aike ki? Takarda ɗaya ce, da kin bar ta a gida wa zai sani? Mutum da hankalinsa ya tono abin da ƙasa ta rufe fiye da shekara ɗari, ya ɗauko shi a jaka ya kawo wa surukarsa? Ta tsaya tana kallona, idonta ya cika da hawaye.

Ta ce, "Amma ita ta tambaya."

Na ce, "Ba a amsa irin wannan tambayar da gaskiya duka!"

Ta ce, "To da me ake amsawa?"

Tambayar nan ta ƙara mini haushi. Ta share fuska ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ta sauka matattakala a hankali tana dafa ƙarfe. Takardun ma ta manta da su, na tattara na ɗora a kan firiji.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Inna ta ce da zarar an yi mata aiki ta iya taka ƙafa, a mayar da ita gida, ba za ta jira haihuwa ba. Kowa ya san ma'anar wannan. Jikan ɗan fari a haife shi kakarsa tana gari ta tafi, ai an gama magana, kuma dangi a gida ba sa bukatar a yi musu bayani. Yaya ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi ta magana, ita tana kallon bango. Ni kuwa na tare shi a matattakala na wanke shi tas, ban duba girmansa ba. Kula ta daina zuwa. Har 'ya'yan mai gadi sai da suka tambaye ni ko lafiya.

Aka yi aikin gwiwa lafiya, aka dawo da Inna ta kwanta. Zaman kwanciya ya ishe ta. Wata rana da hantsi ina yanka albasa, sai na ji ta ce, "Ke auta. Ita wannan mai abin kunyar, yaya ta ƙare?"

Na san abin da take son ji. So take a ce ta lalace, don lissafinta ya fita daidai. Na wanke hannu na sauko da takardun, na zauna a gefen katifa ina bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta lalace ba. Ta yi aure, wani ɗan ƙodago ya aure ta. A ƙidaya ta gaba ga ta a ɗakin miji da 'ya'ya maza reras, shi kuma yaron farko yana ƙarshen layi, an rubuta shi agola. Bayan shekara goma ba ya gidan, yana kwana a gonar wasu yana musu kiwo, tun bai isa ba. Bayan wasu goman ya bar ƙauyen gaba ɗaya. Inna tana ji tana gyaɗa kai. Sai mijin ya mutu, ga ranar binne shi a littafin coci. Na juya takarda ta gaba, na ga dogon jerin sunaye, ba maigida, ba uwargida, kowa an rubuta masa kalma iri ɗaya. Matar Yaya ta yi ɗan bayani da fensir a gefe. Gidan gajiyayyu ne, inda hukuma ke tara waɗanda ba su da mai ci da su. Sunan tsohuwar yana tsakiya.

Inna ta ce, "'Ya'yan nata duk sun mutu ke nan."

Na duba. Matar Yaya ta haɗa takardar ƙauyen ta wannan shekarar, ta ja layi a ƙarƙashin sunayensu. Na ce, "Suna nan, Inna. Ga wannan da matarsa da 'ya'ya. Ga wannan ma. Ga wani har da ɗan haya a gidansa."

"A garin?"

"A garin."

"Suna raye, suna cin abinci, uwarsu tana gidan gajiyayyu?"

Ta yunƙura za ta tashi zaune har sai da ɗinkin ya sa ta yi ƙara. Wallahi firgitar da ta yi a ranar ta fi ta ranar farko. Ta riƙa tafa hannu tana cewa, 'ya'yan sunna, 'ya'yan da aka haifa da aure! Har da wurin ɗan haya, babu wurin uwa! Sai ta ce in duba wa ya yi mata wanka, wa ya binne ta. Na juya takardun duka, ban ga komai ba, a nan suka ƙare.

Ta ce, "Kira ta."

Na ce, "Wa?"

Ta harare ni. Na ɗauki waya.

Matar Yaya ta iso bayan azahar, tana haki, fuskarta ta faɗa. Ta durƙusa daga nesa. Inna ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce in tambaye ta inda aka kai tsohuwar. Matar Yaya ta ce ita ma abin da ya hana ta barci ke nan. Ta bi littafin binne gawa na ƙauyen shekara bayan shekara, ba ta same ta ba. Ta bi na gidan gajiyayyun, babu. Har bayan abin da ya faru a gidana ba ta daina nema ba. Sai ta buɗe jaka ta fito da takarda guda, ta miƙo mini da hannu biyu.

Ƙidaya ce ta bayan shekara goma, a wani gari mai nisa da ke bakin layin dogo. Maigida lebura ne a reluwe. Na karanta sunansa, na sake karantawa, agolan nan ne. Ga matarsa, ga 'ya'ya cike da gida mai ɗaki biyu. A layin ƙarshe ga tsohuwa, kuma a wurin da ake rubuta dangantaka da maigida an sa: uwa. A cocin wannan garin aka binne ta.

Na fassara. Inna ta karɓi takardar ta riƙe, ita da ba ta karanta boko.

Can ta ce, "Tambaye ta. Ta riga ta ga abin da ya ɓata mini rai. Me ya sa ta ci gaba da neman tsohuwar?"

Matar Yaya ta yi ɗan tunani ta ce, "Na kasa barin ta a can."

Na zaci Inna za ta yi kuka, ko ta sa albarka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Auta, su masu ƙidayar nan, kin ce wanda ya kwana a gida suke rubutawa?"

"E, Inna."

"Ba wanda ya aiko da kuɗi ba. Ba wanda ya bugo waya ba."

"A'a."

"To in sun zo gidana, wa za su rubuta?"

Mu biyar Inna ta haifa, duk da aure, duk muna raye. Biyu muna Masar, ɗaya tana Legas, ɗaya Abuja, ɗaya yana gari amma ya yi gini a bayan gari, sai Juma'a yake leƙowa. Na buɗe baki in ce ai yanayi ne, ai karatu ne, ai aiki ne. Sai ta riga ni.

Ta ce, "Sai su rubuta ni da rediyona."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Matar Yaya tana ta duban fuskokinmu tana jira in fassara mata, ni kuwa na ƙi.

Inna ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ta ce maganar babu aure ta tsaya a ɗakin nan, in dangi sun tambaya a ce manoma ne, kuma ba a yi ƙarya ba. Sannan ta ce in haɗa mata kayanta.

Na ce, "Inna, ai likita bai sallame ki ba, jirgi kuma..."

Ta ce, "Wa ya yi maganar jirgi? Dokki za ni. Yarinya ta kusa haihuwa, ba uwa a kusa, wa zai dafa mata ruwan wanka? Ke?" Sai ta dubi matar Yaya ta yi mata magana kai tsaye, a hankali, yadda za ta gane. "Akwai tuwo a gida?"

Matar Yaya ta ce, "Akwai, Inna."

"A ƙara gishiri."

Da yamma mijina da mai gadi suka sauke ta a kujera kamar yadda suka hau da ita. Matar Yaya tana gaba riƙe da sandar Inna, ni ina baya da akwati da buta. Na tsaya a bakin titi har motarsu ta shige cikin cunkoso, sannan na hau sama na naɗe tabarmar. A daren nan, da masu ƙidaya sun ƙwanƙwasa ƙofata, ni da mijina kawai za su rubuta.